Asabar Ɗin da Ban Ambaci Littafin Yayanku Ba

Nana ce ta jawo wannan babin. Da rani ta zo hutu daga kwalejin Maraɗi, ta same ni a gindin bedi, dogon yaron tsakar gida, ina fama da tabarau, ta zauna a kan tabarmata ba neman izini, kamar yadda jika ke yi wa kakan da ta raina.

"Tsohon miji, wata tambaya gare ni."

"In ta lalle da turare ce, na sake ki tun jiya."

"Gaskiya ne kai ka ce littahin babana ba shi da kyau?"

Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce ai ba sai an gaya mata ba, a gidan nan kowa ya sani. Gwaggonta Hadiza ta taɓa faɗa, baffanta Salisu kuma yana wurin bai musa ba. Na ce ta tashi ta kawo mini ruwa. Da ta kawo na ce ya yi ɗumi, muka shiga gardamar randa, tambayar ta bi iska. Amma tun ranar na san ku da na haifa kun daɗe kuna riƙe da labarin da ba haka yake ba, har kun fara miƙa shi ga na ƙasa da ku. Shi ya sa na tsallake shekarun koyarwa, waɗanda ba komai cikinsu sai alli da tari, na zo kai tsaye kan wannan shekarar.

Da na ajiye alli, gidan rediyon garinmu ya ba ni rabin awa kowace Asabar bayan la'asar, in gaya wa mutane abin da ya cancanci karantawa da abin da ya cancanci kallo. Ba don na fi kowa ilimi aka ba ni ba. Ni kaɗai ne a Madarumfa aka san yana iya kai littafi ƙarshe ko da marubucinsa ya gaji a hanya. Littattafan daga Kano suke zuwa, a buhu, su ratso Ɗan Issa ta bakin iyaka tare da taliya da bokitan roba. Finafinai kuwa samari ne ke tura wa mutane a salula a bakin kasuwa. Mai riƙe da na'urorin gidan rediyon shi ne Malam Ishaku, Kirista ɗan Maraɗi, mutum mai yawan shayi da ƙarancin haƙuri. Shi ke ɗaga mini yatsa in fara, shi ke yanka wuyansa da hannu in na zarce lokaci.

Ina da ƙa'ida guda, kuma daga ita komai ya taso: ba na kushewa. Na ƙare ƙuruciyata ina zubar da jan bik na maki a kan kayen rubutun ƴaƴan mutane, na ƙoshi. Marubuci kuma ɗan wani ne, uwarsa na iya kasancewa tana sauraro. Saboda haka in abu ya yi kyau, sai in fara da sunan mai shi, in faɗi abin da labarin ya ƙunsa, in nuna inda ya ɗingisa, in rufe da cewa ku nema. Wanda bai yi ba, ba na ambatarsa ko kaɗan. Ni a ganina kara nake yi. Ban lura da wuri ba cewa gari ya koyi sauraron shiruna fiye da maganata. Alhajin da ke sayar da littattafai a kasuwar Maraɗi in an kawo masa sabon kaya, tambayarsa ta farko ita ce ko Mushe ya ambata, wato ni, don haka ake kiran malamin boko a nan. Matan aure da ke musayar littattafai ta kan katanga su ma haka. An taɓa kawo wani fim mai kashi bakwai, wanda jaruminsa ya ƙare huɗu daga ciki yana rawa tsakanin furanni. Na yi shiru a kansa, kafin wata ya mutu samarin kasuwa sun goge shi don su samu wuri. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi. Tsohon malamin da a da ƴan aji ɗaya kawai ke tsoronsa, ga shi shirunsa na goge fim.

To, yayanku. Shi ne ɗan farinmu, kuma sunan mahaifina aka sa masa, ku ga kunya a kan kunya. Ku kun taso kuna hawa kafaɗata, kuna zare mini hula. Shi ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Ana yaye shi Inna, mahaifiyata, ta zo ta goya shi ta tafi da shi ƙauyenmu Gabi, ba ta nemi shawarar kowa ba, ba wanda kuma ya ga abin mamaki. Haka aka yi mini, haka aka yi wa ubana. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya san da shi. Dangi ne ke yi masa gata. Da ya isa lakwal aka dawo da shi, Allah kuma ya sa ya faɗo ajina. Kowace safiya in ina kiran suna, in na zo kan nasa sai in ɗaga kai, in gan shi a bencinsa kusa da taga, in sa alama, in ce, "Na gaba." Ƴan ajin suka saba, har sukan yi ɗan jim su jira in faɗa. Ya fi kowa iya rubutun zube a ajin, ni kuwa na fi matsa masa a maki, don kada a ce.

Bai yi nisa a karatu ba. Ya koma noman rani a garkar bakin tabki, albasa da tumatir da salati, in kasuwa ta mutu ya hau moto, wato babur, ya yi kabu-kabu tsakanin nan da Ɗan Issa. Ya yi aure, aka haifi Nana. Na san yana rubutu, don uwarku takan ce wa bango, ba ni ba, wai wasu mutane za su kashe idonsu a kan takarda. A shekarar da nake magana, bayan an kai gero rumbu, ya sayar da moton, ya tafi Kano, ya dawo da ɗaurin littattafai masu sunansa a bango. Bai miƙo mini ba, ba zai iya ba. Ya ba uwarku, ita ma da ba ta kiran sunansa. Na dawo daga azahar na tarar da kwanon fura a kan tabarma, an rufe da faifai, littafin a kan faifan.

"Wannan fa?"

"Wani ne ya aje."

"Wane ne wani?"

"Kai da ka iya karatu, duba mana."

Na karanta shi a nan gindin bedi, na koma farko na sake. Labarin wani tsohon masunci ne da tabki ya janye ya bar shi, ya haƙura ya kafa garka a inda ruwan ya tashi. Sai da ya saba da fartanya, ya manta da koma, ruwan ya dawo ya cinye garkar. Babu mai kuɗi a ciki, babu rawa, babu wanda ya tuba a shafi na ƙarshe don a rufe littafi. Mutanen ciki suna magana kamar yadda ake yi a bakin tabki, har ana jin ƙarnin kifi. Masuncin yana da ɗa guda da yake jin kunya, in zai yi masa magana sai ya dubi kwale-kwale ya ce a gaya wa mai tuƙa ka iska ta juya. Da na zo nan na yi dariya ni kaɗai har tabarau ya zame. Na gane kaina, ban kuma ji haushi ba. An zana ni da adalcin da ni ban taɓa yi wa mai zanen ba. Nana, ga amsarki tun kafin mu yi nisa: a duk abin da ya ratso Ɗan Issa ya zo hannuna, ban karanta uku da suka fi shi ba.

Sai dai ba ni kaɗai na gane masuncin ba. Ƴan kaɗan da suka fara karantawa suka ce ai Mushe ne, gari ya zuba kunne ya ji abin da Mushe zai ce. Malam Ishaku ya same ni ranar Alhamis da butar shayinsa.

"Mushe, jibi da littahin ɗanka za mu buɗe."

"Ba ya cikin shirin."

"Ba shi da kyau ne?"

"Ban ce ba."

"To mi ka ce?"

"Malam Ishaku, ka taɓa jin mutum ya hau rediyo ya kira sunan ɗan farinsa, sunan ubansa, ya ce ku zo ku ga abin da na haifa? Mutanen Gabi na sauraro."

"Mu ma a gidanmu ana kunyar ɗan fari, ba Musulmi kaɗai aka bar wa ba. Amma ubana bai da shiri a rediyo. Ba ni takardar, ni in karanta."

"In aiko ka ka yi mini roƙo ke nan. Wannan ya fi muni."

"To ka sani, shirunka ba irin na sauran iyaye ba ne. Naka har Maraɗi ake jin shi."

Na ce masa shayin ya yi zaƙi da yawa. Lissafina a lokacin shi ne duk Bahaushe ya san dalilin da uba ke shiru a kan ɗan fari, za a fahimta ba sai an yi bayani ba. Abin da na manta shi ne ni da kaina na koya wa mutanen nan wata fassarar, Asabar bayan Asabar, kuma sun fi ƴan ajina riƙe darasi.

Duk da haka ranar Asabar na sa littafin a aljihun riga na tafi da shi. Na ɗora shi a kan tebur kusa da mikro. Malam Ishaku ya gani ta gilashi, ya yi murmushi, ya ɗaga yatsa. Na yi magana a kan wani littafin tarihin fatake, na yi magana a kan wani fim na direban tanka wanda a wani makon ba zai samu ambato ba. Hannuna na kan bangon littafin. Sau biyu na ja numfashi zan fara, kuma ƙa'idar shirin ita ce a fara da sunan marubuci. Sau biyu sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Ba shawara na yanke ba a wannan lokacin, in gaya muku gaskiya. Harshen ne bai san hanyar ba, tun da bai taɓa bin ta ba. Aka buɗe layi ga masu sauraro. Wata mata ta kira, daga muryarta mai yawan karatu ce.

"Mushe, ina wuni. Mun ji shiru. Littahin ɗanka na masunta fa, mu nema ko mu bari?"

Ta ba ni ƙofa a buɗe. Ba sai na kira suna ba, kalma biyu kawai ake nema, waɗanda nake faɗa wa baƙi kowane mako. Amma ta ce ɗanka, a gaban duk wanda ke da rediyo daga nan har iyaka. Na dubi Malam Ishaku na ce, "Na gaba."

Ya katse layin. Bai yanka wuyansa ba ranar, ya bar ni na zarce har na rasa abin faɗa.

Daga baya na ji yayanku yana garka a lokacin, ya rataye rediyo a jikin zogale, abokan aikinsa sun bar ban ruwa sun taru. Da na faɗi kalmar, aka ce ya yi ƴar dariya, ya ce wannan ai ya san ta tun yana aji uku, ya ɗauki bokitinsa ya koma rijiya.

Sauran ba shi da tsawo. Alhajin Maraɗi ya aiko da ɗaurin da aka kai masa, igiyar ma ba a kwance ba. Matan katanga suka ce uban ma ya ƙi. Wasu suka ce na yi fushi ne da aka sa ni a littafi, wasu suka ce Mushe ba ya ha'inci ko a kan ɗansa, suka yaba mini. Wannan yabon ya fi zagin ciwo. Na yi tunanin gyarawa a wata Asabar, sai na ga in na yi yanzu za a ce lallashi ne, yabon da aka roƙa, ba zai ɗaga littafi ko ɗaya daga ƙasa ba. Na ce bari ƙura ta lafa. Ɗauran suka zauna a ɗakinsa a kan bulo, damina ta shigo, gara ta same su.

Sai da aka yi kwanaki uwarku ta tanka. Tana tankaɗe, ba ta dube ni ba.

"Ni ma ban taɓa kiran sunanshi ba. Amma ni kunyata a tsakar gida ta tsaya, ba ta hana kowa cin abinci ba."

"Al'ada ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba."

"Al'adar ta san da rediyo? Kai ka kai ta can."

A aji in yaro ya ba da amsa irin wannan, cikakken maki nake ba shi.

Da kaka ta yi, samarin Gabi suka fara haramar cin rani a Nijeriya, ya ce zai bi su, tun da babu moto. Ya zo sallama da hantsi. Ya durƙusa daga nesa, uwarku na tsakaninmu tana tsinke zogale. Ina so in ba shi wani abu ya tafi da shi. A sana'ata, ba na gyara rubutun da bai cancanci gyara ba. Duk wanda na nuna wa inda ya ɗingisa, na riga na ce ya iya tafiya. Na ɗauka ya san wannan. Na dubi uwarku na ce:

"A gaya mishi babi na uku ya yi tsawo."

Shi ma ya dubi uwarku.

"A gaya ma Baba na gode. Gara ta riga ta rage shi."

Wannan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi a kan adabi, ni da shi.

Bai dawo da damina ba. Ya zarce Ikko, yana aikin ɗaukar kaya a wata kasuwa, yana aiko wa matarsa da saƙo ta hannun masu dawowa. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, a kaikaice, ko mutanenmu na can suna samun lokacin rubutu. Ya ce wane rubutu, Mushe. A rani na biyu zazzaɓi ya kama shi, kafin labarin ciwon ya iso an riga an rufe shi a can. Kun ga yadda na zauna a zaman makoki, ina amsa gaisuwa, ina tambayar mutane ya gona. Hadiza, na ji abin da kika ce wa ƙanwar uwarku a bayan rumbu, cewa ko ɗigon hawaye. Ba ki yi ƙarya ba. Uba ba ya kukan ɗan fari a gaban mutane. Wannan ma cikin darasin yake, kuma ni ɗalibi ne mai ƙoƙari. Asabar ɗin da ta biyo baya na aika wa Malam Ishaku cewa maƙogwarona ya lalace. Ya zo da shayinsa, ya zauna, bai tambaye ni maƙogwaro ba. Ban sake komawa gidan rediyon ba. Yanzu na ji wani saurayi ke shirin, yana yabon komai, kowa na jin daɗi, ba wanda ke sauraro.

Ba na rubuta wannan don ku zagi al'ada ba. Ita ta raine ni, kuma na ga gidajen da aka yar da ita, ba su fi namu daɗi ba. Inna ta ba yayanku gatan da ko ku ba ku samu ba. Abin da nake so ku gyara a bakinku ƙarami ne: ban ce littafin ba shi da kyau ba, ban yi fushi da masuncin ba. Shiru biyu ne suka haɗu a bakina ranar, na uba da na mai sharhi, mutane suka ji ɗaya, shi ma ya ji ɗayan da suka ji.

Kwafin da aka ɗora a kan faifai yana nan, shi kaɗai a gidan nan gara ba ta samu ba, don a aljihun rigata ya yi damina. Na Nana ne. Uwarku ba ta karatun boko, saboda haka Nana ce za ta karanta mata wannan babin, a tsakar gida, da rana, kuna zaune. Amarya, in kin zo sakin layi na ƙasa ki ɗaga murya, kada ki yi sauri. Kakarki za ta ja mayafi ta rufe fuska, ki ƙyale ta, ki ci gaba. Shirin ya makara, amma ga shi yadda ƙa'ida ta ce, da sunan marubuci a farko.

Lawali. Mahamman Lawali, ɗan Madarumfa, ɗana na fari. Ya rubuta labarin masunci da tabkin da ya tafi ya dawo. Babi na uku ya yi tsawo. Ku nema.